A Bakin Shataletale Wayon Manhaja Ke Ƙarewa

A 'yan shekarun nan an samu wani sabon fasinja a motocin jama'a. Ba ya biyan kuɗin mota, ba ya cin kujera, amma ya fi kowa baki idan an ɗauki hanya. Yana maƙale a jikin gilashin gaba, shi ke cewa a yi dama, a yi hagu, a miƙe. Wannan fasinja shi ne manhajar nuna hanya da ke cikin wayar hannu, irin su Google Maps da Waze da Apple Maps. Direbobin tasin da ake kira ta waya da ita suke aiki, masu kai saƙo a babur da ita suke aiki, haka baƙon da ya shigo Abuja neman wata ma'aikata, ko ɗalibin da ya tafi karatu Ingila ya fara tuƙi a garin da bai sani ba. A miƙaƙƙiyar hanya da wuya a kama ta da laifi. Takan faɗi nisan tafiya, ta kimanta lokacin isa, ta yi gargaɗin cunkoso tun daga nesa. Sai dai akwai wuri guda da wannan murya mai cike da tabbaci kan zama abin ruɗarwa, wato bakin shataletale.

Duk wanda ya taɓa bin umarnin waya ya san jimlar: “A shataletale, ɗauki mafita ta uku.” Maganar gajera ce, kuma a kunne ba ta da wani ƙulli. Amma direban da aka faɗa wa ita, a daidai wannan lokaci, yana rage gudu, yana duban motocin da ke zagayowa, yana neman tazarar da zai shiga, yana kaffa-kaffa da mai babur ɗin da ya matso masa, ga na baya ya danne hon. A cikin wannan hali ne ake so ya riƙa ƙirga bakin hanyoyi, ɗaya, biyu, uku, yana kuma juya sitiyari. Idan ƙirgen ya kuɓuce masa, sai ya kai idonsa kan fuskar waya, ya bar titi babu mai kallo.

Matsalar ta samo asali ne daga wani saɓani. Manhaja tana ganin shataletale a matsayin lissafi, alhali shi shataletale wuri ne na fahimtar juna tsakanin mutane masu ido. Har zuwa lokacin da masu ƙera manhajoji da hukumomin hanya za su cike wannan giɓi, direban da ya sallama hankalinsa kacokan ga waya a irin wannan wuri yana caca ne da ransa da na wasu.

Yadda aka faro

Shataletale ya haura shekara ɗari a duniya. A 1905 aka tsara zirga-zirga ta riƙa zagaya dandalin Columbus Circle da ke birnin New York ta hannu ɗaya, bisa shawarar William Phelps Eno. A 1907 aka yi irin haka a dandalin Etoile na birnin Faris, bisa tsarin Eugène Hénard, sannan a 1909 garin Letchworth ya samu na farko a Birtaniya. Waɗannan na farko sun zo da wata naƙasa: babu dokar da ta hana mai shigowa kutsawa. Da motoci suka yawaita, sai da'irar ta riƙa cika ta kulle kanta, na ciki ba ya iya fita, na waje bai fasa turowa ba.

Maganin ya zo ne a 1966, lokacin da Birtaniya ta kafa doka guda mai sauƙi: mai shigowa ya dakata wa wanda ke cikin da'ira. Wannan doka ce ta haifi shataletale na zamani, kuma daga can ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Amfaninsa a bayyane yake. A mararrabar hanya huɗu ta gargajiya, injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya cin karo da juna. A shataletale mai layi ɗaya kuwa wuraren 8 ne kacal, kuma babu gaba da gaba, babu kuma irin karon nan da mota ke dukan wata a tsakiyar ciki da gudu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001, wanda ya duba mararraba 24 da aka mayar shataletale, ya gano cewa haɗurra sun ragu da kashi 38 cikin ɗari, waɗanda ake jin rauni a cikinsu kuma da kashi 76 cikin ɗari.

Abin lura a nan shi ne inda wannan aminci ya fito. Shataletale ba shi da fitilar da za ta yanke wa direba hukunci. Yana tilasta masa ne ya rage gudu, ya duba, ya auna, ya yanke shawara da kansa. Amincinsa ya rataya ne kacokan a kan idon direba. Duk abin da ya ɗauke wannan ido, ko da kuwa da sunan taimako ne, ya taɓa tushen ginin.

Siddabarun Swindon

Idan ana neman wurin da za a gwada haƙurin manhaja, da wuya a samu wanda ya kai wani shataletale da ke garin Swindon a kudu maso yammacin Ingila, kusa da filin wasan ƙwallon ƙafa na County Ground. An buɗe shi a watan Satumba na 1972. Sunansa na farko County Islands, amma mutanen gari suka laƙaba masa Magic Roundabout, wato shataletalen siddabaru, sunan wani shirin talabijin na yara da ya yi tashe a lokacin. Laƙabin ya bi shi har hukuma ta amince da shi.

Wanda ya tsara shi shi ne Frank Blackmore, tsohon matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda daga baya ya zama injiniya a cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnatin Birtaniya. Shi ne ya ƙirƙiro ƙaramin shataletale, wanda tsakiyarsa ɗan farin zagaye ne kawai a kan kwalta. A Swindon manyan hanyoyi biyar ne suka haɗu. Maimakon babbar da'ira guda, sai Blackmore ya ajiye ƙaramin shataletale a bakin kowace hanya, biyar ke nan, suka kewaye wani tsibiri a tsakiya. Da yake a Birtaniya ana tuƙi ne ta hannun hagu, kowane ƙarami ana zagaya shi yadda hannun agogo ke juyawa, haka ma da'irar waje. Amma da'irar ciki, wadda ke kewaye da tsibirin tsakiya, motoci na bin ta ne saɓanin haka. Wanda ya leƙo daga sama zai ga motoci na juyawa ta fuska biyu a wuri guda.

Hikimar ita ce direba na da zaɓi. Wanda zai fita ta hanyar da ke kusa da shi ta hagu ya bi ta waje, wanda tasa ke can ta dama ya yanke ta ciki, ba sai ya zagaye duka ba. Ta haka wurin ke ɗaukar motoci fiye da babbar da'ira guda. Ɗan gari kuwa bai ɗauke shi a bakin komai ba, domin dokar guda ce: a kowane farin layi ka dakata wa na damanka, sannan ka nufi inda za ka. A 1973 aka yi wani irinsa a garin Hemel Hempstead, mai ƙananan shataletale shida.

Yanzu sai a duba yadda manhaja za ta fassara wannan wuri. A taswirarta, shataletale biyar ne daban-daban da gajerun hanyoyi suka haɗa. Don haka abin da za ta iya faɗa shi ne jerin umarni a jere: a wannan ɗauki mafita ta biyu, a na gaba ɗauki ta farko, a na gabansa ta biyu. Tazarar da ke tsakanin ɗaya da ɗaya kuwa ba ta wuce tsawon 'yan motoci ba. Kafin murya ta kai ƙarshen jimlar farko, motar ta riga ta isa inda ake bukatar ta biyu. Babu ƙarya a cikin abin da ta faɗa, amma gaskiyar ta zo a sigar da ba ta da amfani ga mai sitiyari. Ɗan garin da aka tambaya zai ce kawai, “Ka ga hanyar can da ta bi ta gefen filin ƙwallo? Ita za ka nufa, ka dai dakata wa na damanka.” Ya ba da alƙibla, ya ba da alama, ya ba da doka, a numfashi ɗaya.

Abin da waya ke gani

Domin a fahimci inda gizo ke saƙar, ya kamata a san yadda waya ke gane inda take. Tsarin GPS na ma'aikatar tsaron Amurka ne. An harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin a 1978, aka ayyana kammaluwarsa a 1995. Aƙalla taurari 24 ne ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Waya na bukatar saƙon huɗu daga cikinsu domin ta lissafa inda take. Da farko Amurka na gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, har kuskuren kan kai mita ɗari, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Daga nan ƙofa ta buɗe. Google Maps ta fito a 2005, ta fara jagora da murya a 2009, kamfanin Google kuma ya sayi Waze a 2013.

A fili, inda babu abin da ya tare sama, wayar zamani kan gane matsayinta da kuskuren da bai wuce mita biyar ba. Mita biyar ba komai ba ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Amma faɗin layin mota guda bai kai mita huɗu ba. Ke nan waya ba ta da tabbacin ko kana layin ciki ne ko na waje. A tsakanin dogayen gine-gine kuskuren kan ƙaru, domin saƙon na dukan bango kafin ya iso. A ƙarƙashin gada kuwa yakan yanke ɗungurungum. Abin da manhaja ke yi shi ne ta ɗauki ɗigon da ta samu ta manna shi a kan titin da ya fi kusa a taswira. A inda tituna suka yi cincirindo wuri guda, zaɓen na iya faɗawa kan wanda ba shi ba.

Sannan ga batun lokaci. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita takwas a kowace daƙiƙa. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta matsayinsu. Jimlar umarni kuma kan ci daƙiƙa uku ko huɗu kafin a gama furta ta, wato mita 25 zuwa 33 na tafiya. A ƙaramin shataletale wannan ya isa a wuce bakin hanya ɗaya, wani lokaci har biyu. Shi ya sa kibiyar da ke fuskar waya kan zama kamar tana bin motar a baya, taswirar kuma tana juyawa tana neman daidaita kanta da inda aka fuskanta, a daidai lokacin da direba ya fi bukatar ta tsaya cak.

Shi kansa ƙirgen yana da nasa rikici. Galibi manhaja na ƙirga hanyoyin da aka yarda a fita ta cikinsu ne kawai, waɗanda kuma ke rubuce a taswirarta. Idon direba kuwa kowane baki yake gani. Ga hanyar da ta shigowa ce kawai, ga mashigar gidan mai, ga wani ɗan lungu marar kwalta da kowa ke bi amma ba a taɓa sa shi a taswira ba, ga titin da aka toshe da duro saboda aiki. Mafita ta uku a wurin waya tana iya zama ta huɗu ko ta biyar a idon mutum. Kowannensu ya ƙirga daidai, sai dai ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba.

Wa ke da hanya?

Akwai kuma abin da manhaja ba ta faɗa ko kaɗan, alhali shi ne ya fi komai muhimmanci: wa zai dakata wa wani? Dandalin Etoile na Faris, wanda tun 1970 ake kira Dandalin Charles de Gaulle, misali ne mai kyau. Manyan tituna 12 ne suka haɗu a kewayen ginin nan na Arc de Triomphe. Babu layukan da aka zana a kan titin, kuma tsohuwar dokar Faransa ce ke aiki a wurin, wato na cikin da'ira ne ke dakata wa mai shigowa. Wannan kishiyar abin da ake yi ne a dubban sauran shataletale na ƙasar ta Faransa. Baƙon da waya ta ce masa ya ɗauki mafita ta bakwai, ba ta gaya masa cewa doka ta juye a nan ba, ba ta kuma koya masa yadda zai ratso daga tsakiya zuwa gefe kafin ya iso ta bakwai ɗin ba. Wannan ilimi a kan mutanen gari yake, da kuma allunan gefen hanya ga mai karanta su.

Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa bin umarnin na'ura na sauya yadda mutum ke lura da wuri. A 2017 masu bincike a University College London sun sa mutum 24 su ratsa kwaikwayon titunan unguwar Soho ta Landan a kwamfuta, ana duba aikin ƙwaƙwalwarsu. Idan mutum na neman hanya da kansa, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna wurare kan ƙara himma duk lokacin da ya iso inda hanyoyi suka yi rassa. Idan kuwa umarni ake ba shi, wannan ƙarin himma ba ya bayyana. Ma'ana, wanda ake ja ba ya gina taswira a kansa. Ranar da jagoran ya yi tuntuɓe, ba shi da abin da zai koma wa. Direbobin baƙar tasi na Landan kuwa har yau sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, karatun da kan ci shekara uku zuwa huɗu.

A nan gida

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin manhajojin da ke ruɗewa a Swindon su ne dai a wayoyin direbobinmu, kuma biranenmu cike suke da shataletale. A shekarar da aka buɗe na Swindon, ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Turawan Ingila ta koma na dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. Tun daga ranar, a shataletalenmu tsibirin tsakiya na hagun direba ne, kuma a ƙa'ida mai shigowa ne zai dakata wa wanda ke tahowa daga hagunsa a cikin da'ira. Wannan a takarda ke nan. A aikace, duk wanda ya taɓa ratsa Berger ko AYA a Abuja da yamma ya san cewa wanda ya fara cusa hancin motarsa shi ke da hanya. Ga Adaidaita Sahu a inda aka yarda su bi, ga masu talla, ga masu tsallaka titi, ga mai tahowa ta hannun da ba nasa ba. Duk waɗannan babu su a taswira.

Ƙari a kan haka, fuskar biranenmu na sauyawa da sauri. A Kano, shataletalen Dangi da na Hotoro sun koma gadojin sama da na ƙasa masu hawa-hawa, bayan na Ƙofar Nasarawa da ya riga su. A Kaduna an sake gina gadar Kawo. A irin waɗannan wurare tituna biyu ko uku ne ke kan juna a ɗigo guda na taswira, kuma waya ba ta da ƙwarewar bambance wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Direban da ya hau gada alhali ƙasa ya kamata ya bi, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu wurin juyawa. A lokacin aikin gini kuma, hanyar da aka buɗe yau gobe a rufe take, taswira na biye a baya.

Sai batun suna da harshe. Mu da alama muke kwatance: bayan masallaci, gaban gidan mai, daura da kasuwa, inda masu lemo suke. Manhaja kuwa takan karanto sunan titin da ke rubuce a kundin hukuma, wanda sau da yawa babu allon da ke ɗauke da shi, babu kuma ɗan unguwar da ke kiran sa da shi, ta kuma furta shi da lafazin da mai sunan ma ba zai gane ba. Yawancin direbobinmu da Turanci ko Faransanci suke jin umarnin, don haka sai an fassara a zuci kafin a aikata, wata daƙiƙar ta sake tafiya. Kamfanonin sun san da wannan giɓi. Tun 2009 Google ya fara sa alamomin wuri a cikin kwatancensa a Indiya, saboda can ma da su ake nuna hanya. A watan Yuli na 2019 kuma ya fito da murya mai lafazin Turancin Nijeriya, da tsarin nuna hanya na masu babur. Mataki ne mai kyau, amma tafiyar da saura.

Kada a ɗauki wannan a matsayin ƙorafin masu motar alfarma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. Hukumar ta kuma ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi, haɗarin da ke kansa ya ninka na wanda ba ya yi kusan sau huɗu. Kallon daƙiƙa biyu a fuskar waya, a gudun kilomita 40 a awa, tafiyar mita 22 ce ido a rufe. A bakin shataletale, a cikin waɗannan mitoci ne ɗan makaranta ke tsallakawa, a cikinsu ne mai babur ke ratsowa.

Inda gyara yake

Kaso na farko na masu ƙera manhajoji ne. Umarnin shataletale ya kamata ya zo da wuri, tun kafin a iso, ya kuma fara da abin da direba zai yi da hannunsa: wane layi zai kama. Bayan haka a ba shi alƙibla, hagu ne, dama ne, ko miƙewa, sannan alamar da idonsa zai iya kamawa, kamar sunan garin da ke kan allo ko wani sanannen gini. Lamba ta zo daga ƙarshe a matsayin ƙarin bayani. Da zarar mota ta shiga da'ira, murya ta taƙaita, hoton kuma ya daina juyawa. A wurare irin su Swindon, a ɗauki tarin ƙananan da'irori a matsayin mararraba guda mai umarni guda. Harsunan da miliyoyin direbobi ke magana da su, ciki har da Hausa, sun cancanci murya mai furta sunayen wurare yadda masu wurin ke furta su.

Kaso na biyu na hukumomin hanya ne. Babu manhajar da za ta maye gurbin farin layi da kibiya a kan kwalta, da babban allo mai nuna siffar shataletale da sunan kowace hanya tun daga nesa. A ƙasar Holan, a ƙarshen shekarun 1990, injiniya Bertus Fortuijn ya ƙirƙiro wani shataletale da ake zaɓen layi tun kafin a shiga, aka raba layukan da ɗan tudu, ta yadda layin da ka kama shi zai kai ka mafitarka ba tare da ka ratsa gaban kowa ba. A irin wannan tsari titin da kansa ne ke yin jagora. Mu ko ba mu kai nan ba, fenti da allo ba su fi ƙarfin kasafin kowace jiha ba. Ya kamata kuma ya zama sharaɗi a kowace kwangilar gada ko karkatar da hanya cewa a sanar da masu taswira ranar rufewa da ranar buɗewa.

Jami'o'inmu ma suna da rawar takawa. Taswirar OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya assasa a Birtaniya a 2004, kowa na iya shiga ya gyara ta kyauta, kuma manhajoji da dama daga gare ta suke ɗiba. Google Maps da Waze su ma suna karɓar gyara daga masu amfani da su. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na tsara birane a Bayero ko Ahmadu Bello za su iya ɗaukar shataletalen garinsu ɗaya bayan ɗaya a matsayin aikin zango, su tabbatar da yawan hanyoyinsa, da wadda ake shiga da wadda ake fita, da sunan da jama'a suka san shi da shi. Da ɗan gari kan ci gari.

Kaso na uku, wanda ya fi kowanne kusa, na direba ne. Kafin a tayar da mota, a duba hanyar daga farko zuwa ƙarshe, a lura da manyan mararrabobi, a san sunan unguwa ko garin da za a nufa daga kowannensu. A kafe wayar a mariƙinta daidai inda ido ke kaiwa, kada a riƙe ta a hannu ko a ajiye a cinya. Idan akwai fasinja, shi ya kalli waya, direba ya kalli titi. Waze na ba mutum damar naɗar umarnin da muryarsa, don haka mai so zai iya naɗa da Hausa. Idan abin da waya ta faɗa ya saɓa wa allo, ko jami'in da ke ba da hannu, ko abin da ido ke gani, to gani ya kori ji.

Birtaniya ta ba da darasi mai kyau a nan. Tun watan Disamba na 2017, a yawancin jarrabawar lasisin tuƙi a can, ana sa ɗalibi ya bi umarnin na'urar nuna hanya. Idan ya ɓata hanya ba a kayar da shi ba, muddin ya yi tuƙinsa cikin aminci. Abin da ke kayarwa shi ne birki na ba-zata, ko tsallake layi ba sigina, domin cika umarnin na'ura. Makarantun koyon tuƙi a nan, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, za su yi kyau su sa wannan a manhajar koyarwarsu, tunda sababbin direbobi da waya a gabansu suke fara tuƙi.

Shataletale yana da wani rangwame da babu mararrabar da ke da shi. Wanda ya wuce mafitarsa ba ya bukatar taka birki a tsakiyar da'ira, ba ya bukatar komawa da baya, ba ya bukatar yanko gaban wani. Ya ci gaba da zagayawa kawai, cikin 'yan daƙiƙoƙi hanyar za ta sake zuwa gabansa. Asarar ɗan man da aka ƙona a zagaye na biyu ba ta kai ta gilashin fitila guda ba, balle ƙafar mai babur. Manhaja za ta sake lissafinta ba tare da ta yi fushi ba, na baya zai gaji da hon ya wuce. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.